Kafin a sayo mana na'urar auna ganye, ina yuriyar?

Duk wanda yake zuwa tarukan bita kan harkar noma a Maiduguri, ko yake bin shirye-shiryen noma a rediyo, ya san akwai maganar da ta zama yayi: noman zamani, noma da na'ura, noma da waya. A cikin kayan da ake yawan kwatantawa akwai wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu a haska kan shuka, ta nuna ko shukar tana jin yunwar naitirojin, wato sinadarin da ke cikin yuriya wanda yake sa ganye ya yi kore shar. Ana nuna hotonta a allo, a tafa, a raba lemo, a watse. Mu kuma da muke da gonaki a Jere da Konduga da Mafa da Biu, ko muke da 'yan uwa masu gonaki a can, sai mu koma gida da tambaya guda a rai: to idan na'urar ta ce shuka tana jin yunwa, me za mu ba ta?

Ba mu raina na'urar ba. Aiki ne na masana, kuma ya kamata kowa ya san yadda take kafin ya yabe ta ko ya kushe ta. Wadda ta fi shahara ita ce GreenSeeker, wadda masu bincike a jami'ar jihar Okalahoma ta Amurka suka ƙirƙiro, kamfanin Trimble ya saye ta a 2009. Tana fitar da haske iri biyu kan ganye, ɗaya ja, ɗaya kuma wanda idon mutum ba ya gani. Ganye mai lafiya yana shanye jan, ya mayar da ɗayan. Na'urar sai ta auna abin da ya dawo mata, ta ba da lamba tsakanin 0 da 0.99. Shuka mai kore da kauri lambarta sama, mai rawaya da ƙaranci lambarta ƙasa.

Amma lambar ita kaɗai ba ta da ma'ana. Sai an ware wani ɗan layi a cikin gonar tun farko an ƙosar da shi da taki, yadda ba zai rasa naitirojin ba ko kaɗan. Mu kira shi layin ƙoshi. Idan lokacin zuba taki na biyu ya yi, sai a auna layin ƙoshi, a auna sauran gona, a kwatanta. In babu bambanci, ƙasar tana ba shukar abin da take so, manomi ya ajiye kuɗinsa. In akwai bambanci, sai a shiga wani lissafi da zai faɗi kilo nawa za a ƙara. Wannan lissafin kuwa ba daga sama yake faɗowa ba. Sai an yi gwaji na shekaru a kan irin ƙasar wurin, da irin da ake shukawa, da ruwan da ake samu. Lissafin alkamar Okalahoma ba zai yi wa shinkafar Zabarmari ba, balle geron jigawar Magumeri.

Yanzu a duba inda na'urar ta yi suna. A kwarin Yaki da ke jihar Sonora ta ƙasar Meziko, cibiyar CIMMYT mai binciken masara da alkama ta yi shekaru tana gwada ta da manoman alkama. Manoman can suna zuba sama da kilo 200 na naitirojin a hekta guda, kuma rabo mai yawa a banza yake tafiya. Da aka yi musu awo, sai suka rage kimanin kilo 60 zuwa 70 a hekta ba tare da amfanin gonarsu ya ragu ba. Nasara ce babba. To amma mu yi lissafi irin na kasuwar Monday. Buhun yuriya mai kilo 50 kashi 46 cikin 100 nasa ne naitirojin, wato kilo 23. Ke nan abin da manomin Meziko ya rage ya kai buhu biyu da rabi zuwa uku a hekta. Don Allah jama'a, manomi nawa ne a cikinmu yake zuba buhu uku na yuriya a hekta gaba ɗaya, tun daga shuka har girbi? Abin da wancan ya zubar a matsayin rara ya fi duk abin da yawancinmu muke iya saye. An ƙera na'urar ne don wanda ya ci ya ƙoshi har yana ɓarna. Mu yunwa muke fama da ita.

Wannan ba sabon labari ba ne. A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ce matsakaicin takin da ake zubawa a kudu da Sahara kilo 8 ne a hekta, suka yi alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ba. A watan Mayun 2024 aka sake taruwa a Nairobi kan magana guda. A tsakanin nan Najeriya ta zama ƙasar da ke sayar wa duniya yuriya: ga Indorama a Eleme kusa da Fatakwal, ga masana'antar Dangote a Lekki da aka buɗe a watan Maris na 2022 mai ƙarfin yin tan miliyan 3 a shekara. Jiragen ruwa na ɗaukar yuriyarmu zuwa Barazil, manomin Borno yana sayenta da mudu.

Kuma mu a nan muna da tamu matsalar da Kano da Kaduna ba su da ita. Shekaru da dama ke nan hukumomin tsaro suka ƙayyade shigo da yuriya Borno da Yobe da Adamawa, saboda tsoron 'yan ta'adda su haɗa abubuwan fashewa da ita. Mun fahimci dalilin. Babu wanda ya zauna a garin nan a shekarun da suka wuce da zai ɗauki maganar bam da wasa. Shi ya sa ma ƙungiyoyi irin su FAO suka koma raba kamfa da aka yi wa haɗi na musamman a madadinta. Amma a faɗi gaskiya game da abin da hakan ya jawo wa gona. Buhun kamfa 15-15-15 naitirojin ɗin da ke cikinsa kilo 7 da rabi ne kacal. Sai ka zuba buhu uku kafin ka kamo buhun yuriya guda. Kamfa takin farko ce, wadda ake sawa lokacin shuka. Taki na biyu da na uku, wanda shinkafa ke nema lokacin da take fitar da 'ya'ya da lokacin da za ta ɗauki ciki, wanda masara ke nema kafin ta yi goyo, aikin yuriya ne. Kuma wannan taki na biyun shi ne babban abin da na'urar nan take ba da shawara a kai.

A nan maganar take. Amsar da na'ura za ta bayar kwanakinta ƙidayayyu ne. Shinkafa ba ta jiran takardar izini. Idan aka auna yau aka ce a zuba, aka yi mako uku ana neman taki, ko ana jiran rabon gwamnati da ya saba isowa bayan damina ta yi nisa, lokacin ya wuce. Takin da aka zuba a makare ganye zai ƙara da kara, tsaba kuwa an riga an yi asararta. Wanda ya ba ka ma'auni bai ba ka abin awo ba, wahala ya ƙara maka, don yanzu kana ganin yunwar shukarka a rubuce da lamba kuma babu abin da za ka yi.

Akwai kuma abin da masu nuna hoto a allo ba sa faɗa. Na'urar kore take gani, ba ta san dalilin rawaya ba. Gonar da ruwa ya kwanta a ciki takan yi rawaya. Wadda fari ya kama haka. Wadda ƙuduji ya shanye saiwarta haka. Wadda ta rasa sinadarin salfa ita ma rawaya take yi. Idan aka miƙa na'urar ga yaron da aka yi wa horon kwana biyu a otal, zai ga lamba ta yi ƙasa ya ce a ƙara yuriya, manomi ya ci bashi ya zuba wa ƙuduji. Kuma inda shuka ta yi tazara, kamar yadda muke shuka gero da dawa rami-rami, hasken yana faɗawa kan ƙasa tsirara ya rikita lambar. Gonarmu ta gado kuwa gero ne da wake da kuɓewa a haɗe. Wanne daga ciki za a auna?

To, kada masu cewa "ai idonmu ya ishe mu, haka kakanninmu suka yi" su ɗauka muna tare da su. Ba ma tare da su. Kakanninmu ba su sayi buhun taki da kuɗin da muke saye yau ba, kuma sun yi noma lokacin da ake iya barin gona ta huta, shanu su kwana a cikinta. Yau mutane sun taru a kewayen garuruwan da ke da tsaro, ana noma fili guda shekara da shekaru, dabbobi da yawa sun salwanta. Masana biyu na Okalahoma, Raun da Johnson, sun ƙiyasta a 1999 cewa a duniya baki ɗaya kashi 33 cikin 100 ne kawai na naitirojin da ake zuba wa hatsi yake komawa cikin tsaba. Sauran fa? Wani ya bi iska, wani ya bi ruwa. Mu da muke watsa yuriya a kan busasshiyar ƙasa da rana tsaka a zafin Maiduguri, ba tare da mun binne ba, kada mu yi tsammanin mun fi haka. A jigawa kuma ruwan sama guda mai ƙarfi ya isa ya wanke ta zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. Mai buhu goma in ya yi asarar rabi yana da biyar. Mai rabin buhu in ya yi asarar rabi ya tashi a tutar babu. Saboda haka talaka ya fi kowa buƙatar sanin ranar zubawa da wurin zubawa. Muna son awo. Abin da muke ƙi shi ne a fara daga awo mafi tsada, a tsallake taki da malamin gona.

Ga misali abin da ya fi dacewa da aljihunmu. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke ƙasar Filifin ta yaɗa wani ɗan kati na roba mai launin kore hawa huɗu, daga mai haske zuwa mai duhu. Ba ya cin batir, ba ya neman intanet, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Manomi zai zaɓi shuka goma a wurare daban-daban na gonarsa, ya kama ganyen sama da ya gama buɗewa, ya kare shi daga rana da inuwar jikinsa, ya kwatanta da katin. In fiye da rabi sun fi launin da aka ƙayyade haske, lokacin yuriya ya yi. In ba haka ba, ya jira. Yana maimaitawa duk bayan kwana 7 zuwa 10 har shinkafa ta fara fure. Manoman shinkafa a Indiya da Bangaladash sun daɗe da shi. Kuɗin GreenSeeker guda, wanda ɗaruruwan daloli ne, zai sayi katin nan ga manoman ƙauyuka da dama a fadamar Jere. Me ya sa ba a yin taron bita a kansa? Mu dai zarginmu shi ne abin da ba shi da tsada ba ya da ribar kwangila, kuma ba ya kyau a hoto.

Hatta layin ƙoshin nan, ai ko babu na'ura yana aiki. Ka ware kunya biyu ko uku ka ƙosar da su. In lokaci ya yi ka tsaya daga nesa ka duba. In ba ka iya bambance su da sauran gona, kada ka ɓata takinka yanzu. In sun yi duhu sauran sun yi fayau, ka san inda ka kwana. Gani ya kori ji. Kuma maƙwabtanmu na Nijar sun nuna wata dabarar ta mai ƙaramin ƙarfi, wadda cibiyar ICRISAT ta gwada a Sadore kusa da Yamai: maimakon a watsa taki a gona duka, sai a ɗebi ɗan kaɗan, kamar giram 6 na kamfa, cikin murfin kwalbar lemo, a sa a ramin shuka. Ga gero irin SOSAT da cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke garin nan ta fitar mana, wannan ya fi kowace na'ura kusa da rayuwarmu.

Ko a maganar waya da kwamfuta ma, akwai abin da aka gwada a Arewa aka ga sakamako, ba sai mun tafi Meziko ba. Cibiyar AfricaRice ta yi wata manhaja mai suna RiceAdvice wadda malamin gona ke riƙewa, ya tambayi manomi irin da ya shuka, abin da ya samu bara, da kuɗin da yake da shi, ta ba shi shawarar taki ta gonarsa shi kaɗai. An gwada ta da manoman shinkafa a jihar Kano, binciken da aka buga a 2021 ya nuna amfanin gona ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, riba da kusan kashi 10, ba tare da an ƙara yawan takin ba. Haka shirin TAMASA na CIMMYT da IITA tare da Jami'ar Bayero ya yi gwaje-gwaje a gonakin masara na Kano da Kaduna da Katsina, ana cire sinadari ɗaya a kowane fegi don a ga wanda ƙasa ta fi rashi, aka gina manhajar ba da shawara a kan abin da aka samu. A lura da tsarin: gwaji a gonar manomi tukuna, sannan lissafi, sannan na'ura a hannun malamin gona. Ba a fara daga kwali ba.

Mu ma a Borno mun taɓa ganin irin wannan aiki. Shirin PROSAB da ƙasar Kanada ta ɗauki nauyi daga 2004 zuwa 2009, IITA da Jami'ar Maiduguri da BOSADP suka gudanar a kudancin jihar, ya shigar da waken suya da masarar da ke jure ƙuduji a yankin Biu da Hawul da Kwaya Kusar. Waken suya da gyaɗa da wake suna janyo naitirojin daga iska su bar wani abu a ƙasa ga masarar da za ta biyo baya. A jihar da yuriya ke shiga da takardar izini, ya kamata a ce wannan ne a bakin kowa.

Ina na'urar take da gurbi a wurinmu? Tana da shi, kuma ba ƙarami ba. Gurbinta noman rani ne, inda ruwa ke hannun manomi, shuka iri guda ce a cike, kuma ana zuba taki da ɗan yawa: alkama da shinkafa. Cibiyar binciken Tafkin Chadi ita ke da alhakin binciken alkama a Najeriya baki ɗaya, kuma alkama ce amfanin da aka fi gwada na'urar nan a kansa a duniya. Idan ana son a farfaɗo da noman alkama a yankin Marte, inda aikin ban ruwa na Kudancin Chadi ya daɗe a kwance, to a ba masu binciken cibiyar da na tsangayar aikin gona ta Jami'ar Maiduguri na'urori kaɗan da kuɗin gwaji na shekara uku ko huɗu, su fitar da lissafin da ya dace da ƙasar firgi da zafinmu da gajeren sanyinmu. Ɗaliban kwalejin aikin gona ta Mohamet Lawan su koyi riƙe ta a gona, ba a aji ba. Bayan nan na'ura guda a hannun malamin gona guda mai babur da mai za ta iya zagaya gonaki masu yawa a mako. Babu dalilin da zai sa kowane manomi ya mallaki tasa, kamar yadda babu dalilin da zai sa kowane gida ya sayi na'urar gwajin jini.

Kuma fadamar Jere tana buƙatar awo yanzu fiye da da. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumban 2024, ba gidajen Gwange da kasuwar Monday kaɗai ruwan ya ci ba, ya bi gonaki. Ambaliya ba ta barin ƙasa yadda ta same ta: wani wuri ta jibge laka, wani wuri yashi, wani wuri ta kwashe ta sama. Gonaki biyu masu iyaka ɗaya suna iya zama da buƙata daban. Shawarar nan ta bai ɗaya, ta buhu kaza ga kowa, ba za ta yi aiki a irin wannan ƙasa ba. Kuma kada mu manta su wane ne ke noma a can. Mutanen Zabarmari ne da suka binne 'yan uwansu 43 bayan kisan da aka yi wa masu yankan shinkafa a Koshebe ranar 28 ga Nuwamban 2020, Allah ya jiƙansu, kuma suka koma gona. Wanda ya sa ransa a hannu don ya noma shinkafa bai cancanci a bar shi yana zuba taki da ka ba, kuma bai cancanci a haska masa fitila a ganye a tafi ba.

Gwamna Babagana Umara Zulum farfesa ne a fannin injiniyancin ƙasa da ruwa, daga Jami'ar Maiduguri ya fito. Ba sai mun koya masa cewa naitirojin lokaci gare shi ba. Shi ya sa muke ganin Borno ce ta fi kowace jiha hujjar ta yi abin a tsarinsa. A zauna da jami'an tsaro a fitar da hanyar da yuriya za ta isa hannun manoma masu rajista ta ƙungiyoyinsu da bulamominsu, da ƙididdiga, buhu-buhu, yadda tsaro ba zai samu ɓaraka ba, kuma ta kasance a rumbu kafin ruwan farko na watan Yuni, ta rani kuma kafin Nuwamba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗauki sabbin malaman gona a BOSADP, don waɗanda muka sani da yawansu sun yi ritaya, waɗanda suka rage kowane ɗaya dubban manoma ne a wuyansa. A buga katin launin ganye da bayani cikin Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa, a gwada shi a kan irin shinkafar da muke shukawa, a raba a Jere da Konduga.

Mu kuma 'yan ƙungiya akwai namu kason da ba sai mun jira kowa ba. A damina mai zuwa duk mai gona a cikinmu ya ware layin ƙoshi, ya raba yuriyarsa kashi biyu maimakon ya zube ta lokaci guda, ya binne ta a ƙasa mai laima, ya rubuta ranar da ya zuba da buhun da ya girbe. Idan muka taru bayan kaka mu kwatanta. Duk wanda kuma aka gayyata taron bita aka nuna masa hoton na'ura a allo, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya yi tambaya uku: a wace gona ta Borno aka gwada lissafinta, wane malamin gona ne zai riƙe ta bayan shirin ya ƙare, kuma ranar da ta ce a zuba, a wane shago za mu sami yuriyar, a kan nawa?